Kujerar mai zanen ƙarfe: daga tafin ƙafa ake fara awo

Tambaya: Malam, sana'ata zanen suna da ado a kan tagulla da azurfa, irin su zobba, faranti da allunan karramawa. Ina zama tun hantsi har bayan la'asar. Yanzu ƙuguna da wuyana sun dame ni, ƙafata ta dama ma takan mutu. Na tara ɗan kuɗi zan sayi kujera, wani ya ce in nemi irin ta manyan ofisoshi mai fata da doguwar majingina. Me za ka ce?

Amsa: Allah ya sawwaƙe, ƙanena. Kuɗin nan ka ɗan riƙe su tukuna, domin kujerar da aka ba ka shawara ita ce ta farko da zan hana ka saye. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na sayi wata ƙatuwa baƙa, mai laushi kamar katifar amarya, har maƙwabtan shago suna tsokanata wai na zama manaja. Mako biyu ban cika ba na lura cewa da la'asar layukana sun fara karkacewa, kuma duk yinin a bakin-bakinta nake ɗosane, bayana bai ko taɓa majinginar ba. Ranar da na rabu da ita, ina tura alƙalamin ƙarfe a kan wani farantin tagulla, tayoyin suka silale baya, alƙalamin ya kufce ya sami tushen babban yatsana na hagu. Tabon yana nan har yau.

Ba wai kujerar ce mara kyau ba, aikinta ne daban. An yi ta ne don mai kishingiɗa yana amsa waya ko yana kallon kwamfuta. Kai kuwa gaba kake fuskanta, idonka a kan wurin da bai kai faɗin farce ba, hannun dama yana riƙe da alƙalami, na hagu yana juya aikin yana kawo shi bakin kaifi. Mai irin wannan zaman, abin da ke ɗauke da shi mazauni ne da tafin ƙafafunsa biyu. Majingina ta hutu ce tsakanin layi da layi.

Saboda haka ka samo tef ɗin tela kafin ka je kasuwa. Sanya takalmin da kake aiki da shi, ka zauna, ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, ka sa wani ya auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarka. Yawancin maza za su samu tsakanin santimita 40 da 48. Ka ƙara santimita 3 zuwa 5 a kai, wannan shi ne tsayin mazauninka. Ƙarin nan ba na banza ba ne, so ake kwankwasonka ya ɗan fi gwiwarka tudu, cinya ta gangara kaɗan zuwa gaba. Idan gwiwa ta fi kwankwaso tudu, kamar yadda ake yi a kan kujerar tsakar gida ko gajeren benci, ƙashin ƙugu yakan mirgina baya, lanƙwasar da Allah ya yi wa ƙasan gadon baya ta baje, sai mutum ya dunƙule kamar baka. Wani likita Ba'amurke, Keegan, ya nuna haka da hotunan ƙashi tun 1953: lanƙwasar bayan ta fi zama a yanayinta idan buɗin da ke tsakanin gangar jiki da cinya ya kai wajen digiri 135, kuma tana raguwa yayin da ake matse shi zuwa 90 da ƙasa da haka. A bakin teburin aiki ba za ka sami 135 ba, amma 100 zuwa 110 yana samuwa, kuma jiki yana jin bambancin tun a yinin farko.

Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Denmak, Mandal, shi ya lura da abin da kowane malamin firamare ya sani: yara idan suna rubutu sukan ɗaga ƙafafun kujera na baya su tsaya a kan na gaba, ana yi musu faɗa. Ya ce yaran suna da gaskiya, jikinsu ne ke neman mazauni mai gangara gaba. Don haka idan ka sami kujera mai liba da ke karkatar da mazaunin gaba kaɗan ta kulle shi a nan, ka sami abin da ya fi fata da ƙyalli daraja. Digiri 5 ya isa. A mazauni mai zurfin santimita 40, hakan na nufin baya ya fi gaba tudu da kamar santimita uku da rabi. Fiye da haka za ka yi ta zamewa, musamman idan kana sanye da shadda.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ka ce wuyanka yana ciwo, kuma ina da tabbacin ko wace kujera ka saya, wuyan nan ba zai bari ba muddin aikinka yana inda yake. Teburin ofis da na cin abinci tsayinsu wajen santimita 75 ne. Teburin maƙerin zinariya irin na Turai yakan kai 90 zuwa 100, an yanke gabansa kamar rabin wata don mutum ya shiga ciki, aikin ya zo daidai ƙirjinsa. Ba ado suka yi ba. Sun gane cewa ido shi ne sarki a wannan sana'a, duk inda aiki yake ido zai bi shi, kai zai bi ido, wuya da baya su bi kai ko suna so ko ba sa so. Kan baligi yana da nauyin kusan kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 30, abin da wuya ke ɗauka ya yi kamar kilo 18, a digiri 60 kuwa kamar kilo 27. Lissafi ne a kan samfuri, ba a jikin mutum aka auna ba, amma duk wanda ya wuni a duƙe a kan zobe ba ya bukatar a rantse masa. Haka a ƙugu: a 1999 wasu masu bincike a Jamus sun sa ma'auni a cikin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya na wani mutum guda, suka ga zama a sake ba tare da duƙawa ba bai fi tsayuwa matsi ba, amma zama a duƙe gaba ya kusa ninka shi. Zaman kansa ba shi ne babban mai laifi ba, duƙawar ce.

To yaya za a yi? Tsarin shi ne daga ƙasa zuwa sama. Ƙafa ta zauna, kujera ta bi ƙafa, ka zauna a miƙe ba tare da ƙanƙamewa ba, ka sake kafaɗu, sannan a kawo aikin inda idonka da hannunka suka haɗu. Kuskuren da na fi gani shi ne a yi akasin haka, a bar teburi yadda kafinta ya yanke shi, a riƙa ɗaga kujera ko sauke ta don ta dace da shi. Wanda ya sauke kujera don idonsa ya kusanci aiki, gwiwoyinsa sun tashi, ƙugu ya biya kuɗin. Wanda ya ɗaga ta, ƙafa na lilo, bakin mazauni ya danne ƙarƙashin cinya. Ɗaga teburi ba wuya, bulo ko guntun katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa ya wadatar, in dai ba ya girgiza. Idan kana da dunƙulen ƙarfen nan mai juyawa da ke riƙe aiki, shi kaɗai ma za ka iya yi wa dakali. Ka duba gwiwar hannunka: tana kusa da haƙarƙari, kafaɗa ba ta ɗage zuwa kunne ba? In haka ne tsayin ya yi.

Akwai kuma abin da masu koyo ba su cika sani ba game da madubin ƙara girma da ake ɗaurawa a goshi. Duk yadda ƙarfinsa ya ƙaru, tazarar da yake gani garau tana gajarta. A irin wanda ake kira OptiVisor, mai lamba 3 yana gani daga wajen santimita 35, mai lamba 5 daga santimita 20, mai lamba 10 kuwa sai ka kawo hancinka santimita 10 daga aikin. Mutum zai sayi mafi ƙarfi yana murna, ashe ya sayo wa kansa doro ne. Yi yawancin aikinka da mai matsakaicin ƙarfi, ka ajiye mai ƙarfin don ƙananan wurare. Idan kuma ka haura shekara arba'in, je a gwada idonka, domin a wannan shekarun ganin kusa yake fara ja da baya. Na san mutanen da tabarau da fitila mai kyau suka yi wa wuyansu abin da kujera ba ta yi ba.

In Allah ya hore maka maikiroskof mai ido biyu, wato na'urar da ake leƙawa ta ƙara girman ƙananan abubuwa, wata rana, lissafin zai sauya. Shi yana ba ka damar zama kai a miƙe kana kallon gaba, amma yana ɗaure ka wuri guda, ido ba ya motsi daga bakin madubin. Da gilashin ƙarin da ke rage girma zuwa rabi ana samun sarari kusan santimita 15 tsakanin na'urar da aikin, daidai shigar hannu da alƙalami. Hakan yana tilasta aikin ya sauka ƙasa da teburi na yau da kullum, kusan tsakanin gwiwoyi. Shi ya sa masu wannan aiki da yawa suke ɗora dunƙulen ƙarfensu a kan ginshiƙin tsohon injin huda ƙarfe, wanda farantinsa ke hawa da sauka. Zobe a yau, wuƙa gobe, sai a ɗaga ko a sauke farantin, kujera da madubi suna nan inda suke. Duk mai walda da ya san hannunsa zai iya haɗa maka irinsa da bututu biyu da sukuru.

Mu koma kan kujerar kanta. Hannuwa: ko babu, ko waɗanda ake iya kwancewa. Gwiwar hannunka ta hagu tana shawagi duk lokacin da kake juya aiki, hannun kujera zai tare ta, kuma zai hana ka matsowa jikin teburi. In ka saba dogara gwiwar hannu a kan abu mai tauri, ka daina. Akwai jijiyar da ta bi ta wurin, ita ce idan ka buge ta kake jin kamar lantarki, kuma yawan danne ta shi ke sa ƙaramin yatsa da na kusa da shi su riƙa mutuwa. Mai zane da yatsu suka mutu ya shiga uku. Idan hannu yana son madogara, a yi masa ɗan matashi a jikin teburi wanda damtsen gaba zai kwanta a kai, ba tsinin gwiwar ba.

Zurfin mazauni kuma shi nake zargi a mutuwar ƙafarka. Zauna ka manna ƙugu da majingina, ka zura yatsu tsakanin bakin mazaunin da bayan gwiwarka. Yatsu biyu zuwa uku su shiga a sake. Idan ba su shiga ba, kujerar ta yi maka zurfi, ko dai ta danne jijiyoyin bayan gwiwa ko ta kore ka zuwa bakin-baki. Bakin kuma ya zama mai lanƙwasa ƙasa, ba mai kaifi kamar gefen akwati ba. Sannan ka ce ta dama ce ke mutuwa, to ina tambaya: da ita kake taka feda? In kana amfani da injin zane mai feda, wanda ke buga maka alƙalami idan ka taka ta, duba inda take. Sau da yawa tana can nesa, mutum ya miƙa ƙafa guda, nauyinsa duka ya koma ɓari ɗaya. Jawo ta ƙarƙashin gwiwa, dunduniya a ƙasa, ka kafe ta kada ta riƙa gudu, ka kuma koya wa ƙafar hagu ta riƙa karɓar ta dama. Walat ko waya a aljihun baya ma suna yin irin wannan ɓarnar, a cire su kafin a zauna.

Soso shi ne inda masu saye suka fi ruɗuwa. A shago mai laushi ne ke burge mutum, ka faɗa ciki ka ce alhamdulillahi. Bayan awa biyu ka nutse har ƙasusuwan mazaunanka suna jin katakon ƙasa, kuma jikin da ya nutse ba ya iya gyara zama. Kana son soso mai tauri da nauyi, irin wanda masu katifa ke yi wa masu ciwon baya, kaurin santimita 5 zuwa 7. Danna shi da dunƙulen hannu da ƙarfinka. In ka taɓo katako, wuce. In ka ɗaga hannu ya taso nan take, ya yi. Kada kuma ka ji kunyar mai shago, zauna minti goma sha biyar, ka duƙa gaba kamar kana aiki, ka juya hannu. Wanda ya hana ka gwadawa bai shirya sayarwa ba.

Abin rufi kuwa, ka tuna da zafin watan Afrilu ba wuta. Fatar roba tana haɗa gumi, ta manne a jiki, shekara guda ta fara sale-sale. Raga tana shan iska, ina son ta a majingina, amma a mazauni mai araharta takan saki ta zama kamar kwando, ƙarfen gefenta ya riƙa cin cinya. Yadi mai kauri ya fi, sai dai yana kama ɓurɓushin ƙarfe, kuma wanda ya taɓa zama a kan silin tagulla mai kaifi ba ya mantawa. Ni abin da nake yi, ina shimfiɗa wani yadin a kai wanda nake kaɗewa kullum da yamma.

Tayoyi, ka riga ka ji labarina. A kan siminti mai santsi, mai tura alƙalami da ƙarfin hannu ba ya son kujerar da ke tafiya. Ana zare tayoyin a sa ƙafafun roba marasa gudu, amma ka tuna cirewar takan rage tsayin kujerar. Idan injin ne ke yi maka bugun, kuma kana yawan juyawa ɗauko kaya, ka iya barin su ka shimfiɗa darduma mai kauri. Gindin ya zama mai ƙafa biyar, mai huɗu yana kifewa da mai duƙawa gaba. Ka kuma riƙa naɗe bakin kaftani, taya ba ta san tsadar yadi ba.

Idan ta gwanjo za ka saya, kuma ban ga laifin hakan ba, tsohuwar kujerar ofis mai ƙwari ta fi sabuwa mai ƙyalli, to silindar da ke ɗaga ta za ka fi bincika. Ɗaga ta har ƙarshe, ka zauna, ka lura ko tana sauka a hankali. Mai sauka ɓarauniya ce, santimita ɗaya-ɗaya take sace maka, sai da yamma ka ga kana ɗage kafaɗa ba ka san dalili ba. Ana sayar da silindar daban a canza. Maganin talaka kuma shi ne a yanko bututun roba na famfo daidai tsayin da ake so, a tsaga shi a rungume sandar, ba za ta ƙara sauka ba. Abu ɗaya: kada ka bari mai walda ya kai mata wuta ko ya yanka ta, iska ce a matse a ciki, tana iya fashewa.

Za ka ji ana zancen kujera mai siffar sirdin doki, wadda likitocin haƙori ke yawan amfani da ita. Tana buɗe cinya ta miƙar da baya da kyau, wasu masu zane ba sa zama a kan komai sai ita. Amma tana da tsayi, dole komai na teburinka ya tashi, makonnin farko tana da ciwo, ga matsi a gaban mutum idan ba mai rabe biyu ba ce. Ba zan ce ka zuba duk ajiyarka a kanta ba tare da ka gwada ta wani ba. Mai durƙuso kuwa, wadda ake ɗora ƙwauri a kan matashi, ka manta da ita, tana ɗaure ƙafa, ba ka da ta taka feda.

Idan kuɗin ba su kai ba, kafinta ya isa. Ba shi awonka a rubuce: tsayin da ka auna, zurfi wajen santimita 38 zuwa 40, baya ya fi gaba tudu kaɗan, baki a lanƙwashe, gajeriyar majingina da tudunta zai sauka daidai inda ɗamarar wandonka take, ba a kafaɗa ba. Ka tuna masa ya cire kaurin soso daga tsawon ƙafafun, wannan kuskuren kullum sai an yi shi. Tun da kai kaɗai za ka zauna a kanta, ba lallai ta riƙa hawa da sauka ba. Kujerar da nake kai yanzu irin wannan ce, majinginarta ma ba ta kai faɗin littafi biyu ba.

Wani zai ce kakanninmu ai a ƙasa suke aiki. Gaskiya ne, maƙeran azurfa na Agadas da maƙeran tagulla na Bida a ƙasa aka san su, kuma aikinsu ya zaga duniya. Amma ka lura da su da kyau: yanzu ya harɗe, anjima ya miƙe ƙafa, ya juya ga wuta, ya tsuguna, ya tashi. Ba sa daskarewa. Masu zanen bindiga na Liyej a Beljiyam kuma a tsaye aka san su da guduma da kurfi, suna zagaya aikin. Mu ne da muka sami kujera muke kafewa awa uku kamar an dasa mu. Ba kujerar da aka ƙera don haka. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce na ɗauke dutsen washi na kai shi ɗaya ƙarshen shago. Alƙalami yana dakushewa ko bakinsa ya karye sau da yawa a yini, dole in tashi in taka in wasa shi a tsaye, in leƙa waje idona ya kalli nesa. Azahar da la'asar ma suna tashinka, amma tsakanin hantsi da azahar akwai nisa, kada ka wuce minti talatin zuwa arba'in ba ka miƙe ba.

Game da ƙafar nan, gyara zama ka ba ta mako biyu ko uku. In mutuwar tana wucewa da zarar ka tashi ka taka, danniya ce, za ta bari. In kuwa tana nan ko kana kwance, ko ciwo yana harbawa daga ƙugu har ƙwauri, ko ka ga ƙafar tana rauni kana jan takalmi, to ba maganar kujera ba ce kuma, ka ga likita. Idan kana Kano ko kusa, asibitin ƙashi na Dala aikinsu ke nan. Wanda kuma ya ga fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa tare da ciwon baya, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, wannan ba a kwana da shi a gida.

Ka auno mini abu uku ka turo: daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka, daga ƙasa zuwa saman teburinka, da kuma daga idonka zuwa aikin lokacin da kake tsakiyar zane. Na ƙarshen ka sa yaron shago ya auna ba tare da ka shirya ba, domin in ka san ana aunawa za ka miƙe.